Ƙari ya motse a hoto, to kunnen fa? Sharhi kan binciken V-REX

A watan Agustan 2023 mujallar likitanci ta JAMA da ke Amurka ta buga sakamakon wani bincike mai suna V-REX, wanda likitocin asibitin jami'a na Haukeland da ke birnin Bergen a ƙasar Norwe suka gudanar. Tambayar da suka ɗauko mai sauƙin faɗa ce. Mutum ne aka gano masa ɗan ƙari a jijiyar ji da daidaiton jiki, ƙarin bai kai santimita 2 ba. Shin a gasa shi nan take da hasken radiyeshan, ko kuwa a ƙyale shi ana ɗaukar hotonsa lokaci-lokaci, sai ya nuna alamar girma a taɓa shi? Wanda ya karanta layin ƙarshe na taƙaitawar takardar kawai zai tashi da cewa gashi da wuri ya ci gasa. Ni kuwa a karatuna, wannan layin rabin zance ne, kuma rabin da ya rage shi ya fi shafar mai ciwon.

Kafin mu je ga lambobin, bari mu san ƙarin da ake magana a kai, don yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Daga can cikin kunne akwai jijiyar da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce ta takwas a jerin jijiyoyi 12 da ke fita daga ƙwaƙwalwa. Aiki biyu take yi: wani reshenta na kai saƙon sauti, wani kuma na kai saƙon daidaito, wato abin da ke hana ka tangaɗi idan ka miƙe ko ka juya kai. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke naɗe da jijiyar kamar yadda roba ke naɗe da wayar lantarki, ana kiransu da sunan masanin Jamus Theodor Schwann. Idan waɗannan ƙwayoyin suka shiga hayayyafa fiye da ƙima sai su dunƙule su zama ƙari, shi ya sa likitoci ke ce masa shwanoma. Ba kansa ba ne. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, kuma a mafi yawan mutane a hankali yake girma, milimita ɗaya ko biyu a shekara, wani ma ba ya motsi sam. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu shi a kunne ɗaya yake fito musu, ba tare da gado ba.

Matsalarsa ita ce wurin da ya zauna. Jijiyar tana bi ta wani siririn rami a ƙashin kai wanda tsawonsa bai wuce kusan santimita ɗaya ba, kuma ba ita kaɗai ba ce a ciki: jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, tana manne da ita. Idan ƙarin ya cika ramin sai ya leƙo cikin ƙoƙon kai, idan ya ci gaba kuma ya fara danne gindin ƙwaƙwalwa, har ya iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. A nan ne yake zama barazana ga rai.

Wani abin mamaki, daga reshen daidaito ƙarin ya fi tasowa, amma ji ne yake fara tafiya. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana iya sabawa da raunin daidaito idan a hankali ya zo, ta jingina da ido da ɗaya kunnen. Ji kuwa ba shi da irin wannan majingina. Sai ka ga mutum ya koma riƙe waya a kunne ɗaya kullum bai lura ba, ko yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomin, ko kunnen na yi masa ƙara shuuu ba dare ba rana, ko a yi masa hon a titi ya rasa ta ina ƙarar ta fito.

Hanyoyi uku da tarihinsu

Tiyata ce babbar yaya. A farkon ƙarni na 20 aikin cire wannan ƙari yana kashe mutane da yawa, har sai da Harvey Cushing na Amurka, wanda ya fitar da littafi guda a kan wannan ƙari a 1917, ya rage mace-macen ta hanyar ƙwaƙule cikin ƙarin ya bar ɓawonsa, maimakon ya dage sai ya cire duka. A shekarun 1960 William House a Los Angeles ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, ya kuma gyara hanyoyin shiga ta ƙashin kunne. Yau hanyoyi uku ake bi. Ɗaya tana ratsa cikin kunnen kansa, wadda ke nufin an sadaukar da jin wannan ɓangaren tun kafin a fara. Ɗaya ta bayan kunne, ɗaya ta samansa, waɗannan biyun ana iya ƙoƙarin ceton ji da su. Babban abin tsoro a tiyata shi ne jijiyar fuska. Idan ta samu rauni baki zai karkace, ido ya ƙi rufuwa, wani na ɗan lokaci wani na dindindin. Akwai kuma yoyon ruwan ƙwaƙwalwa da ciwon kai mai naci.

Hanya ta biyu daga Suwidin ta fito. Likitan ƙwaƙwalwa Lars Leksell ne ya ƙirƙiro na'urar Gamma Knife, aka fara amfani da ita a 1968, shekara guda bayan nan aka gwada ta a kan irin wannan ƙari. Sunan yana da wuƙa a ciki amma babu yanka. Kusan siraran haske 200 ne daga sinadarin kobal 60 ake harbowa ta kusurwoyi daban-daban, kowanne shi kaɗai ba shi da ƙarfin yin ɓarna a inda ya ratsa, amma duk su haɗu a tsakiyar ƙarin. Zama ɗaya ne, kuma galibi mutum yana komawa gida a ranar. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne gashi ba ya cire ƙarin. Yana nan a inda yake, ana so ne kawai ya daina girma ko ya ɗan motse. Sau da yawa ma yakan ɗan kumbura a shekara ta farko ko ta biyu bayan gashin kafin ya lafa. A shekarun farko ana ba da haske mai yawa, jijiyar fuska tana shan wahala, daga baya aka sauko zuwa gire 12 ko 13 a gefen ƙarin, wato ma'aunin yawan hasken da nama ya sha, matsalar fuskar ta ragu sosai.

Hanya ta uku, jira da dubawa, na'urar MRI ce ta haife ta. Ƙasar Danmak tana ajiye bayanan duk wanda aka gano masa wannan ƙari tun 1976, kuma abin da bayanan suka nuna ya sauya tunanin likitoci. A 1976 kimanin mutum 3 cikin miliyan ake ganowa a shekara, zuwa 2015 adadin ya kai kimanin 34 cikin miliyan. A tsawon wannan lokaci matsakaicin girman ƙarin a ranar ganowa ya sauko daga milimita 26 zuwa 7, shekarun masu ciwon kuma suka haura daga 49 zuwa 60. Ma'ana dai ido ne ya ƙara kaifi. Ana ganin ƙananan ƙari a kan dattawa waɗanda a da za su gama rayuwarsu ba su san da shi ba. Sven-Eric Stangerup da abokan aikinsa sun bi mutum 552 da aka ƙyale ana dubawa, suka buga sakamako a 2006: cikin waɗanda ƙarinsu ke cikin ramin ƙashi, kashi 17 cikin 100 ne ya girma har ya leƙo waje, cikin waɗanda ya riga ya leƙo kuma kusan kashi 29. Sauran duk ya zauna shiru.

To ka ga inda gardamar take. Likitoci sun daɗe suna jayayya a kan ƙananan ƙari ba tare da bincike na ƙuri'a ba, kowane asibiti yana kawo sakamakon majinyatansa, masu na'urar gashi suna yabon gashi, masu wuƙa suna yabon wuƙa.

Abin da V-REX ya yi, da abin da ya auna

A nan dole a ba mutanen Bergen haƙƙinsu. Sun yi abin da aka daɗe ana cewa da wuya ya yiwu: sun shawo kan mutum 100 suka yarda ƙuri'a ta zaɓa musu hanya, rabi gashi nan take, rabi jira da hoton MRI, da sharaɗin idan ƙarin ya girma a yi magani. Duk sababbin ganowa ne, ƙari a kunne ɗaya. Mutum 98 suka kai ƙarshen shekara huɗu, 48 a rukunin gashi, 50 a rukunin jira. Duk wanda ya taɓa bin diddigin mutane don bincike ya san riƙe 98 cikin 100 har shekara huɗu ba wasa ba ne. Ƙuri'a kuma ita ce ke kawar da son zuciyar da ke cikin tsofaffin rahotanni, inda likita ke zaɓar wa mai ƙuruciya wannan hanya, tsoho kuma waccan, sannan a zo a kwatanta su kamar daidai suke.

Babban ma'aunin da suka zaɓa shi ne cikar ƙarin, wato yawan sararin da ya mamaye, a shekara ta huɗu idan an kwatanta da ranar farko. A rukunin gashi matsakaicin ya zama 0.87, ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 ke nan. A rukunin jira ya zama 1.51, ya ƙaru da kusan rabi. Bambancin ya tsallake gwajin lissafi, ba sa'a ba ce.

Ƙaruwa da rabi abin tsoro ne a kunne. Amma mu ɗauki alƙalami. Cika da faɗi ba tafiyarsu ɗaya ba, domin abu mai kama da ƙwallo idan faɗinsa ya ɗan ƙaru, cikarsa tana ƙaruwa ta tsawo da faɗi da zurfi lokaci guda. Idan muka ɗauka ƙarin zagayayye ne mai faɗin milimita 10, cikarsa ta ninka da 1.51, faɗinsa zai koma kimanin milimita 11.5. Wanda aka gasa kuma, da 0.87, zai koma kimanin 9.5. Tazarar da ke tsakaninsu bayan shekara huɗu ba ta wuce milimita 2 ba, ƙasa da tsawon ƙwayar shinkafa. Wannan lissafina ne a kan matsakaici, kuma matsakaici yana ɓoye waɗanda ƙarinsu ya yi tsalle sosai. Amma ai tsarin jira ya tanadi abin yi da su: hoto ya kama su, a gasa.

Kuma haka aka yi. Cikin mutum 50 na rukunin jira, 21 an gasa musu bayan ƙarin ya girma, ɗaya aka yi masa tiyata. Saura 28, kashi 56 cikin 100, suka kai shekara huɗu ba a taɓa su da komai ba sai hoto. A rukunin gashi kuma, ɗaya sai da aka sake gasa masa, biyu sai da aka kai su tiyata, 45 ba su buƙaci wani abu ba.

Wannan 28 ɗin ita ce lambar da nake ganin ta fi 0.87 da 1.51 muhimmanci. Tunda ƙuri'a ce ta raba mutanen, muna da dalilin cewa a rukunin gashi ma akwai kusan irin wannan kaso da ƙarinsu da zai zauna lafiya lau ko da ba a yi komai ba. An ɗaure musu kai a na'ura, an harba musu radiyeshan kusa da gindin ƙwaƙwalwa, don maganin girman da ba zai zo ba, aƙalla a cikin waɗannan shekaru huɗun. Dubi kuma tiyata, wadda ita ce abin da kowa ke gudu: biyu a rukunin gashi, ɗaya a rukunin jira. Lambobin sun yi ƙanƙanta da a gina hukunci a kansu, amma dai ba su nuna cewa jira ya tura mutane ƙarƙashin wuƙa ba.

Sai mu zo ga abin da ya kai mutum asibiti tun farko. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin likita yana kukan cikar ƙarinsa ta kai kaza. Kunne ne ya kawo shi, ko jiri, ko ƙarar da ta hana shi barci. Masu binciken sun auna waɗannan, har abubuwa 26 na biyu bayan babban ma'aunin, ciki da ƙarfin ji, fahimtar magana, daidaito da ingancin rayuwa kamar yadda majinyatan suka faɗa da bakinsu. A 25 daga cikin 26 babu bambancin da lissafi ya tabbatar tsakanin rukunonin biyu. Ji ya ci gaba da raguwa a duka ɓangarorin. Gashi da wuri ya gyara hoton, bai nuna ya ceci kunnen ba.

Sukata ta farko ke nan, kuma a kan zaɓin ma'auni take. An tambayi na'urar da aka ƙera don tsayar da girman ƙari ko tana tsayar da girman ƙari, ta ce e. Mun san wannan tun shekaru da dama. Na fahimci dalilin zaɓin: cika tana aunuwa da kyau a kwamfuta, ba ta dogara da yanayin da mutum ya tashi da shi ba, kuma da mutum 100 ana iya ganin bambanci a cikinta. Ji kuwa yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, sai an tara jama'a masu yawa kafin a ga bambanci na gaskiya. Ciwon kuma ba gama-gari ba ne, ƙasar Norwe ba ta kai mutum miliyan 6 ba. Amma sauƙin aunawa ba ya mayar da abu ya zama shi ne abin da ya dami mai ciwo.

Wannan takobin kuwa kaifi biyu gare shi, kada masu goyon bayan jira su yi saurin tafi. Tunda an tsara yawan mutanen ne don gano bambancin cika, rashin ganin bambanci a ji ba ya nufin an tabbatar babu shi. Yana iya kasancewa akwai ɗan bambanci, ta kowane ɓangare, wanda mutum 98 suka yi kaɗan su fito da shi. Binciken bai ce gashi yana kare ji ba, bai kuma isa ya wanke shi daga cutar da ji ba.

Suka ta biyu ita ce lokaci. Matsakaicin shekarun waɗanda suka shiga binciken 54 ne. Mutum mai 54 a Norwe yana iya samun shekara 25 ko 30 a gaba, shekara huɗu kuwa ɗan somin-taɓi ne a rayuwar wannan ƙari. Illar radiyeshan ga kunne ba ta gaggawa. Wani rahoto daga asibitin Mayo Clinic na Amurka a 2013 ya bi mutum 44 da ke da ji mai amfani kafin gashi: bayan shekara ɗaya kashi 80 cikin 100 suna da shi, bayan biyar kashi 48, bayan goma kashi 23. Rahoton ƙarami ne kuma babu rukunin kwatanci, don haka ba za a ɗora wa gashi duka laifin ba, tunda ƙarin shi kansa yana cin ji ko bai girma ba. Amma ya isa ya nuna cewa wanda ya rufe littafi a shekara ta huɗu bai ga ƙarshen labarin kunne ba. Haka ma ta ɗaya gefen: daga cikin waɗancan 28 wasu za su iya girma a shekara ta shida ko ta takwas, kason ya ragu. Su kansu marubutan sun ce ana buƙatar bin sakamakon na dogon lokaci, kuma gaskiya suka faɗa.

Akwai kuma abin da binciken bai taɓo ba sam, wanda mai karanta kanun labari zai iya zaton ya taɓo. Babu rukunin tiyata. Matashi mai ƙaramin ƙari da ji mai kyau, wanda wasu cibiyoyi za su ba shi shawarar a cire ta hanyar da ke ƙoƙarin ceton ji, ba zai samu amsarsa a nan ba. Babban ƙari mai santimita 3 ko fiye, wanda ya riga ya danne gindin ƙwaƙwalwa, shi ba ya cikin gardamar ma, tiyata ce maganinsa, kuma likitoci da dama yanzu da gangan suke barin ɗan ɓarɓashi a jikin jijiyar fuska don kada baki ya karkace, su bi ragowar da hoto ko gashi. Dabarar Cushing ce ta dawo da sababbin kayan aiki. Sannan masu ciwon gado na NF2, wanda ke fitowa daga matsala a wani ƙwayar gado da ke kan kromozom na 22, su a kunnuwa biyu ƙarin ke fito musu, lissafinsu daban ne gaba ɗaya, har akan gwada musu maganin bebasizumab. Ba a saka su a V-REX ba.

Inda jira ke zama sakaci

Duk abin da na faɗa na kare jira yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya: dubawa. A Bergen cibiya ɗaya ce ke kula da masu wannan ƙari na ƙasar, gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin magani, kuma akwai mai tuna maka ranar hotonka. Mutum 22 da ƙarinsu ya girma a rukunin jira sun tsira da sauƙi ne saboda an kama girman a kan lokaci. Ka ɗauko wannan tsari ka kawo inda mutum zai yi tafiyar sa'o'i zuwa asibitin koyarwa, ya biya kuɗin MRI daga aljihunsa kowace shekara, wataƙila ma ya iske na'urar ta lalace, sai ka ga rabin tsarin ya faɗi. Hoton farko za a yi, na biyu a ɗaga sai bayan girbi, na uku a manta, tunda babu ciwo. Wanda ya san ba zai iya riƙe jadawalin hoto ba, hujjar yin magani da wuri ta fi ƙarfi a kansa fiye da yadda take a kan ɗan Norwe, kuma wannan hujja ba daga 0.87 ta fito ba.

A wurarenmu ma matsalar tana farawa ne tun kafin a kai ga zaɓi. Kunne ɗaya ya rage ji, a ce datti ne ko sanyi, a ɗiga mai, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mafi yawan masu raunin ji a kunne ɗaya ba ƙari gare su ba, kada kowa ya firgita. Amma raunin ji ko ƙara a kunne ɗaya da ya ƙi tafiya yana buƙatar gwajin ji a wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, shi zai ga ko akwai dalilin yin MRI. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya kuwa, wannan na gaggawa ne, a cikin kwanaki ake so a gan shi.

Wanda aka riga aka gano masa ƙaramin ƙari kuma likita ya kawo masa zancen V-REX, yana da haƙƙin ya tambaya a fili: a mutanen da ke da girman ƙari da ƙarfin ji irin nawa, nawa ne ke riƙe jinsu bayan shekara biyar da goma a kowace hanya, kuma idan na zaɓi jira, milimita nawa na girma ne zai sa mu canza shawara? Ya kuma sani tun yanzu cewa babu ɗaya cikin hanyoyin uku da aka san tana dawo da jin da ya riga ya tafi, ko take da tabbacin kashe ƙarar kunne. Waɗannan ana taimaka musu ne ta wata hanya dabam: na'urar ji da ke ɗauko sauti daga mataccen ɓangare ta kai wa kunne mai lafiya, ko wadda ke tura sauti ta ƙashin kai, da atisayen daidaito ga mai jiri, wanda likitan gashin ƙashi ke koyarwa.